Aikin Garka a Ƙasar Sanyi: Ayyukan Shekara Daki-Daki

Yawancin irin shu, karoti da salati da ake shukawa a garakenmu daga ƙasashen waje yake zuwa, cikin gwangwani ko ƙunshin takarda. Wani irin an shirya shi ne domin ƙasashe masu zafi, wani kuwa domin garaken Turai ko Kanada. A bayan ƙunshin akan rubuta watannin shuka da na girbi. Wanda ya iya karatu yana iya ganin an rubuta a shuka a watan Maris, Afrilu ko Mayu. Idan ya bi wannan rubutu a Maraɗi ko Damagaram, irin da kuɗinsa da wahalarsa duk za su salwanta, domin watannin nan su ne tsakiyar bazara a wurinmu.

Domin a gane dalilin haka, ya kamata mu san yadda shekarar mai garka take tafiya a ƙasar sanyi. Za mu ɗauki misalin birnin Monreyal da kewayensa, a lardin Kebek na ƙasar Kanada, inda mafi yawan jama'a ke magana da Faransanci. Za mu bi sabon mai garka tun daga hunturu har zuwa ajiyar amfani, sannan mu duba abin da ya shafe mu.

Yanayin wurin

A watan Janairu, ma'aunin zafi a Monreyal yakan tsaya wajen digiri 10 ƙasa da sifili. Wasu darare yakan sauka har digiri 20 ƙasa da sifili, ko fiye. Sifili shi ne matakin da ruwa ke daskarewa ya zama ƙanƙara. Idan an tara dusar ƙanƙarar da ke zuba a shekara guda, tudunta ya kai wajen mita 2. Ƙasa kanta tana daskarewa, ta yi tauri kamar dutse, har fartanya ba ta iya shigarta. A watan Yuli kuma akwai ɗumi, da rana ma'auni yakan kai digiri 26 ko sama da haka.

Shekara ta kasu kashi huɗu. Akwai hunturu, daga Disamba zuwa Maris. Akwai lokacin narkewar ƙanƙara, a Afrilu da Mayu. Akwai lokacin ɗumi, daga Yuni zuwa Agusta. Sai kaka, lokacin da ganyen itatuwa ke zuba, daga Satumba zuwa Nuwamba. Ana samun ruwan sama ko dusar ƙanƙara a kowane wata, saboda haka ba su da damina da rani irin namu.

Tsawon yini ma yana sauyawa ƙwarai. A ƙarshen Yuni hasken rana yana kai awa 15 da rabi. A ƙarshen Disamba bai kai awa 9 ba.

Mutanen birni da ba su da fili suna iya neman wuri a garaken unguwa, waɗanda hukumar birnin ta fara buɗewa a shekarar 1975. Kowane mutum yana samun ɗan fili mai kimanin mita 3 a faɗi da mita 6 a tsawo. Da irin wannan ƙaramin fili sabon mai garka yake farawa.

Ranaku biyu da ake riƙewa

Duk aikin garka a can ya rataya ne a kan ranaku biyu. Ta farko ita ce ranar da ake sa ran daskarewar dare ta ƙarshe, bayan hunturu. A Monreyal tana faɗowa a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, amma wata shekara takan yi jinkiri har tsakiyar Mayu. Ta biyu ita ce ranar daskarewar dare ta farko a kaka, wadda ke zuwa a farkon rabin Oktoba. Tsakanin ranakun nan biyu akwai kamar wata 5. A arewacin lardin kuwa, wata 3 zuwa 4 kawai ake samu.

Mi ya sa daskarewa ke kashe shuka? Jikin ganye cike yake da ruwa. Idan ruwan nan ya daskare sai ya kumbura, ya farfasa ganyen daga ciki. Da safe, idan rana ta fito, sai a tarar da shukar ta yi baƙi ta kwanta, kamar an zuba mata ruwan zafi. Dare ɗaya ya isa ya halaka aikin wata biyu. Daren da ya fi haɗari shi ne wanda sama ta yi garau, babu gajimare, babu iska.

Kayan garka sun kasu gida biyu game da wannan:

- Masu jure sanyi: shu, karoti, salati, albasa, tafarnuwa, radi, beterab da alayyafon turawa. Ɗan daskarewa kaɗan ba ya kashe su.
- Marasa jure sanyi: tumatir, tattasai, yalo, kokwamba, kabewa, masara da wake. Daskarewa ko ƙarama ce tana kashe su.

Dankalin turawa yana tsakani: yana son ƙasa mai sanyi, amma daskarewa tana ƙone ganyensa.

Abu na farko da ake koya wa sabon mai garka shi ne ya san ranakun nan biyu na garinsu, ya kuma san gidan da kowace shuka take.

Disamba zuwa Fabrairu: lokacin shiri

A waɗannan watanni garka tana ƙarƙashin dusar ƙanƙara, babu aikin da ake yi a cikinta. Dusar tana da amfani, domin ta zama bargo mai kare ƙasa daga tsananin sanyin iska. Mai garka yana aikinsa ne a ɗaki, da takarda da alƙalami.

Da farko yana zana filinsa, ya rubuta inda zai sa kowace shuka. Ƙa'ida ita ce kada a maimaita dangi ɗaya a wuri ɗaya sai bayan shekara 3 ko 4. Tumatir, tattasai, yalo da dankalin turawa dangi ɗaya ne, cututtukansu ma ɗaya ne. Ana kuma ba sabon shiga shawara ya taƙaita a kan kala 5 ko 6 waɗanda iyalinsa ke ci.

Na biyu, yana zaɓen iri. Babban abin da yake dubawa a kan ƙunshi shi ne yawan kwanakin da shukar ke ɗauka kafin ta nuna. Tumatir mai kwana 65 bayan dashe ya fi masa mai kwana 90, domin na biyun yana iya haɗuwa da sanyin kaka tun yana ɗanye.

Na uku, yana gwada tsohon irin da ya rage. Yakan sa ƙwaya 10 cikin tsumma mai laima, ya ajiye a wuri mai ɗumi. Idan 7 ko fiye sun tsiro, irin yana da kyau. Irin albasa ba ya daɗewa, shekara 1 ko 2 ne. Na tumatir yana kai shekara 4 idan an ajiye shi a busasshen wuri mai sanyi.

Maris da Afrilu: renon iri a cikin ɗaki

Wata 5 ba su ishi tumatir da tattasai ba idan a fili aka shuka su. Saboda haka ake fara renonsu a cikin gida, tun ƙanƙara na waje. A nan ne lissafin baya yake shigowa. Mai garka ya san zai yi dashe a ƙarshen Mayu. Tumatir yana buƙatar mako 6 zuwa 8 a wurin reno, sai ya ƙirga baya, ya shuka a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu. Tattasai yana buƙatar mako 8 zuwa 10, sai a shuka shi a tsakiyar Maris. Albasa ta riga su duka, tun ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris.

Ana zuba ƙasa mai laushi a ƙananan tukwane masu huda a gindi. Zurfin shuka ya zama ninki 2 ko 3 na girman ƙwayar. Irin tumatir ya fi tsirowa da ɗumin digiri 20 zuwa 25. Da zarar ya tsiro, sai haske ya zama abin nema. Ana ajiye tukwanen a bakin taga mai fuskantar kudu, domin a can ta kudu rana take bi. Wasu kuma suna kunna musu fitila awa 14 zuwa 16 a yini. Tsiron da bai sami haske ba yakan yi tsawo, ya yi siriri, ya faɗi.

Kuskure biyu suka fi yawa a wannan mataki. Ɗaya shi ne yawan ban ruwa, wanda ke ruɓar da gindin tsiro. Ɗayan shi ne shuka da wuri ƙwarai: tsiron ya girma ya cika tukunya, alhali a waje sanyi bai ba da damar dashe ba. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Mayu: gyaran ƙasa da shukar farko

Bayan ƙanƙara ta narke, ƙasa takan jiƙe sharkaf. Ba a taɓa ta sai ta tsane. Ga yadda ake gwadawa: a damƙi ƙasa a hannu, a matse, a buɗe. Idan ta dunƙule ta manne kamar laka, a jira. Idan ta warware, an iya fara aiki. Ƙasar da aka kafta da jiƙa takan yi manyan hoge masu tauri, ta wahalar da saiwa har ƙarshen shekara.

Daga nan sai a baza ruɓaɓɓen taki, kaurin santimita 2 zuwa 5, a gauraya shi da ƙasar sama. Mutane da yawa suna ɗaga wurin shukarsu ya yi tudu, wani lokaci su kewaye shi da katako. Tudun yana saurin tsanewa, yana kuma saurin ɗaukar ɗumin rana. Mu a nan mun fi yin fangali mai zurfi domin ya riƙe ruwa. Kowa da abin da yake gudu: su yawan laima da sanyin ƙasa, mu ƙishirwa.

Masu jure sanyi su ake fara shukawa kai tsaye a fili: radi, salati, alayyafon turawa, sai karoti da beterab. Salati da alayyafon turawa suna tsirowa ko da ɗumin ƙasa bai wuce digiri 5 ba. A dasa albasa da shu. A cikin Mayu kuma a binne dankalin turawa, zurfin kamar santimita 10, tazarar santimita 30.

Idan an sanar cewa dare zai yi daskarewa, sai a lulluɓe shuka da wani farin yadi marar nauyi, ko da tsohon zane, tun kafin faɗuwar rana. Yadin yana tsare ɗumin da ƙasa ta ɗauka da rana. Da safe a yaye.

Ƙarshen Mayu da Yuni: dashe

Tsiron da ya tashi a ɗaki bai san iska ba, bai san rana ba. Idan aka fitar da shi lokaci guda, ganyensa zai ƙone. Saboda haka ake sabar da shi sannu a hankali, kwana 7 zuwa 10. Ranar farko a fitar da shi inuwa awa 2, a mayar. Kowace rana a ƙara lokaci, a ƙara rana, har ya kwana a waje.

Mafi yawan masu garka a Monreyal suna jira har makon ƙarshe na Mayu kafin su dasa tumatir. Tattasai da yalo, waɗanda suka fi tsoron sanyi, sukan kai farkon Yuni. Ana dashe da marece ko ranar da akwai gajimare, a bi da ruwa nan take. Tazarar tumatir santimita 50 zuwa 60 ce, a kafa wa kowane sanda. Ta shu santimita 40 zuwa 50.

Wake, masara, kabewa da kokwamba ana shuka su a fili idan ɗumin ƙasa ya kai digiri 15. A ƙasa mai sanyi ƙwayarsu ruɓewa take yi kafin ta tsiro. Ƴan asalin wannan yanki, tun kafin zuwan Turawa, suna shuka masara, wake da kabewa a wuri guda: wake ya hau karan masara, kabewa ta rufe ƙasa da faɗin ganyenta. Wanda ya saba haɗa hatsi da wake a gona zai gane hikimar.

Aiki na gaba shi ne rage tsiro. Karoti idan ya cunkushe ba ya yin kauri. A cire wasu, a bar santimita 4 zuwa 5 tsakanin kowane biyu. Sabon mai garka yakan ji tausayin cirewa, amma wanda bai rage ba, sirara zai girba.

Yuli da Agusta: kulawa da girbin farko

Tsawon yini yana sa komai ya girma da sauri, har da ciyawa. A nome ta tun tana ƙarama, sau ɗaya a mako. Bayan ƙasa ta yi ɗumi, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko karan alkama a gindin shuka, domin tsare laima da hana haki fitowa.

Garka tana buƙatar ruwa kamar lita 25 a kowane murabba'in mita a mako. Sau da yawa ruwan sama yana kawo wani kashi, mai garka ya cika sauran. An fi son ban ruwa mai yawa sau 1 ko 2 a mako, da safe, a gindin shuka. Jiƙa ganye yana jawo wata cuta mai sa ganyen tumatir da na dankali su yi baƙi su ruɓe, musamman idan laima ta yi yawa.

Ana tara wa dankali ƙasa a gindi sau 1 ko 2. Dankalin da haske ya taɓa yakan yi kore, kuma wurin da ya yi koren yana da guba, ba a ci.

Maƙiyan garka a can su ne wani ƙwaro mai ratsin rawaya da baƙi da ke cin ganyen dankali, da tsutsar shu, da wani dodon koɗi marar gida mai fitowa da dare. A ƙaramin fili da hannu ake tsince su. A duba bayan ganye a murƙushe ƙwai. Shu kuma a rufe shi da raga mai ƙananan idanu tun ranar dashe.

Radi da salati suna nuna tun Yuni. Tafarnuwa a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. Tumatir, kokwamba da wake a Agusta. Wurin da aka girbe ba a barinsa haka. A ƙarshen Yuli da farkon Agusta ana sake shuka radi, salati da alayyafon turawa domin kaka. Nan ma lissafin baya ne, amma daga ranar daskarewar farko. Misali, ɗanyen wake mai kwana 60 ya kamata ya shiga ƙasa kafin Yuli ya ƙare, domin girmansa yana raguwa idan yini ya fara gajarta.

Satumba zuwa Nuwamba: babban girbi da rufe garka

Daga tsakiyar Satumba mai garka yana sauraron labarin yanayi kowace rana. Kafin daskarewar farko zai kwashe tumatir, tattasai da kabewa. Tumatir da ya ƙosa amma bai ja ba, a shigar da shi ɗaki, zai nuna a can. Albasa a tuge ta idan ganyenta ya kwanta, a shanya a inuwa mai iska mako 2 zuwa 3. Dankali a haƙe shi bayan ganyensa ya bushe.

Karoti da shu ana barinsu a fili har ƙarshen Oktoba. Ɗan sanyin farko yana ƙara musu zaƙi, domin shukar tana tara sukari a jikinta ta kare kanta daga daskarewa. Amma dole a cire su kafin ƙasa ta yi tauri.

A watan Oktoba, lokacin da ake kwashe komai, akwai abu guda da ake shukawa, wato tafarnuwa. Ana binne kowane ɗa a zurfin santimita 5 ko fiye, tazarar santimita 15, a rufe da kara. Tana yin saiwa kafin ƙasa ta daskare, ta kwana hunturu a ƙarƙashin ƙanƙara, ta tsiro a Afrilu. Tafarnuwar can tana buƙatar wannan dogon sanyi kafin kanta ya rabu ƴaƴa-ƴaƴa.

Aikin ƙarshe shi ne share fili. Shukar da ta yi cuta a fitar da ita daga garka. Mai lafiya a zuba ta a ramin taki tare da ganyen itatuwa da ya zuba. A rufe ƙasa da ganye ko kara. A wanke kayan aiki, a shafa musu mai. A tsiyaye ruwan tiyo da na durum, domin ruwan da ya daskare a ciki yana fasa su. Sannan a rubuta abin da ya yi kyau da wanda bai yi ba, saboda baɗi.

Ajiyar amfani

Tun da fiye da rabin shekara babu girbi, ajiya rabin aikin garka ce. Kowane kaya da wurin da yake so:

- Karoti, beterab da shu: wuri mai sanyin digiri 0 zuwa 4, mai laima. Karoti akan binne shi cikin rairayi mai ɗan danshi.
- Dankali: wuri mai duhu, wajen digiri 4 zuwa 5.
- Albasa da tafarnuwa: busasshen wuri mai sanyi, mai shan iska.
- Kabewa: busasshen wuri mai digiri 10 zuwa 13.

Mutanen da suna gina ɗakin ajiya na dutse a cikin ƙasa, a jikin tudu, inda kaya ba sa daskarewa kuma ba sa jin ɗumi. Har yanzu ana ganin irin waɗannan tsofaffin ɗakuna a ƙauyukan da ke gabas da birnin Kebek. A yau da yawa suna dafa tumatir su rufe a kwalba, ko su sa a firji mai daskararwa.

Abin da ya shafe mu

Shu, karoti, salati da dankalin turawa suna son ɗumin digiri 15 zuwa 25. A Kanada da Turai ana samun wannan daga Mayu zuwa Satumba. A kudancin Nijar kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne dare ke yin sanyi, rana ta yi sauƙi. Shi ya sa noman rani, wanda hukuma ta ƙarfafa bayan farin 1984, ya faɗo a lokacin ɗari. Ranar da muke tsoro ita ce shigowar zafi a watan Maris. A Afrilu da Mayu ma'auni yana wuce digiri 40. Da zafi salati yakan yi tsiri ya yi ɗaci, furen tumatir ya kakkaɓe, dankali kuma ya daina yin ƴaƴa idan ɗumin ƙasa ya kusa digiri 30.

Lissafin baya yana yi mana aiki kamar yadda yake yi musu. Shu yana ɗaukar kamar kwana 30 a wurin reno, da kwana 70 zuwa 90 bayan dashe, wato kusan wata 4. Wanda yake son ya gama girbi a ƙarshen Fabrairu sai ya zuba iri a ƙarshen Oktoba. Dankali mai kwana 90 ya shiga ƙasa a Nuwamba, ko farkon Disamba in an makara. Su suna kare ƙaramin tsiro daga sanyi, mu kuma muna yi masa rumfa saboda ranar Oktoba, a riƙa rage rumfar kaɗan-kaɗan kafin dashe. Ruwa ma namu ya fi yawa: murabba'in mita ɗaya yana shan lita 5 zuwa 8 a kowace rana.

Albasa tana da nata sharaɗi. Tsawon yini ne ke sa ta fara yin kai. Albasar ƙasashen sanyi tana jiran yini mai awa 14 zuwa 16. A Tawa ko Maraɗi yini ba ya wuce awa 13 ko a watan Yuni. Idan aka shuka irin can a nan, ganye kawai zai yi, ko an zuba masa taki da ruwa. Albasar Galmi ta gajeren yini ce, ita ta dace da mu.

Shu da yawancin karotin Turai ba sa yin fure sai sun sha dogon sanyi, a shekararsu ta biyu. Wannan ne dalilin da ya sa yake da wuya a sami irinsu a garakenmu, ake saye kowace shekara. Irin dankali ma, wanda ake shukawa a Bonkuku da sauran wurare, galibi daga Turai ake kawo shi.

Hunturu yana kashe ƙwari da yawa a can, ya ba ƙasa hutu. Mu ba mu da wannan hutu, saboda haka sauya wurin shuka da share fili bayan girbi sun fi zama dole a gare mu. Ɗaya daga cikin wuraren ƙasarmu da suka san daskarewa shi ne tsaunukan Abzin, musamman Bagazam, inda ruwa kan daskare a wasu daren Disamba da Janairu. Masu garka a can suna lura da sanyi kamar yadda muka bayyana a sama.

Kafin ku sayi iri

1. Ku duba ko an shirya irin domin ƙasashe masu zafi. Idan ba ku gane rubutun ba, ku tambayi malamin gona.
2. Idan watannin shuka da aka rubuta su ne Maris zuwa Yuni, ku sani jadawalin ƙasar sanyi ne, kada ku bi shi.
3. Ku nemi yawan kwanakin nuna, ku ƙirga baya daga ƙarshen Fabrairu, ku ƙara kwanakin reno.
4. Game da albasa, ku sayi ta gajeren yini kaɗai.
5. Ku duba ranar da aka ƙunshe irin da ranar ƙarewarsa. Irin da ya sha rana a kasuwa yana saurin mutuwa. Ku gwada ƙwaya 10 kafin ku zuba duka.
6. Ku riƙe littafi, ku rubuta ranar zuba iri, ranar dashe da ranar girbi. Bayan shekara 2 ko 3 za ku sami jadawalin garkarku, wanda ya fi na kowane ƙunshi dacewa da garinku.

Tambayoyi domin tattaunawa

- A garinku, a wane mako ne sanyin dare yake farawa, a wane mako kuma zafi yake shigowa?
- Kwana nawa ne tsakanin waɗannan lokuta biyu?
- Idan tumatir yana ɗaukar kwana 30 a wurin reno da kwana 75 bayan dashe, yaushe ya kamata a zuba irinsa domin a fara tsinka a farkon Fabrairu?